Daminar da Aka Ɗaga Shingen Bodinga

Shekaranjiya da la'asar aka yi ruwa irin mai turo iska a gaba. Ina zaune a zauren gidan ɗana a nan Shagari, na miƙe ƙafa, ina kallon titi. Ruwan bai gama ɗaukewa ba motoci suka ci gaba da wucewa a guje, suna watsa shi har bakin ƙofa, babu mai ce musu su dakata. Can aka zo ana cewa wata bas ta kife a gaba da gari. Na yi salati, na tambaya ko an san mutanen ciki, aka ce baƙi ne. Kowa ya koma sha'aninsa. Ni kuwa tuwo ya ƙi shiga, don ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya riga ya mayar da ni Bodinga, daminar shekarar da aka samu mulkin kai.

A wannan daminar mahaifina ya rasu a hanya, kuma duk Horo Birni, garinmu, aka tafi a kan cewa mijina ne ya jawo. Akwai sauran magana, kuma a wurina take. Na daɗe ina ɗauke da ita.

A lokacin hanyar nan babu kwalta. Jar marmara ce, da rani gargada ta nemi kwance wa mutum haƙora, da damina ta koma kunu. Shi ya sa masu aikin hanya suka kafa doka: in an yi ruwa mai yawa a rufe hanya har ta sha iska. A bakin Bodinga, wajen fita kudu, aka gitta wata doguwar sanda, gindinta ɗaure da dutse, kanta da sarƙa da kwaɗo. Mijina ne mai tsaronta. Babu mai kiransa da sunan yanka, Mai Shinge kowa ke cewa, ni kuma dama ba na faɗin sunan, sai abin ya zo mini daidai.

Taurin kansa na shiru ne. Ba ya musu da direba. Sai ya taka zuwa tsakiyar hanya ya danna duddugensa a ƙasa. In ƙasa ta karɓi ƙafar, ya dawo ya zauna a kan tsohon turmin da yake zama, shi ke nan an gama magana. Direbobi sun yi zagi, sun yi lallashi, sun miƙa goro a ɓoye, duk a banza. Har ɗan saƙon hakimi ya taɓa kwana a gindin shingen nan. Ni a lokacin ban wuce ashirin ba, ina da cikin fari, kuma ina ji da mijina fiye da yadda ya kamata mace ta bari a gane.

Ɗakinmu yana gefen shingen. In faɗi gaskiya, ranar ruwa ranar kasuwata ce. Fasinjoji sun maƙale, ga ni da ƙwaryar fura. Har murna nake yi in na ga gabas ta yi baƙi.

Daminar ta fara da yaudara. Ruwa ya sauka da wuri, mutane suka zuba iri, gero ya fito kore shar, sai sama ta ɗauke kamar an rufe ta da faifai. Aka yi makonni ana kallon gabas. Da hantsi ƙasa ta ɗau zafin da ba a taka ta ba takalmi, shuka ta lanƙwashe ta ƙone tana tsaye. Da ruwa ya dawo aka sake shuka, amma da hatsin da aka ajiye don ci. Mu a Bodinga da dama-dama, albashin lebura yana kai mu ƙarshen wata da ƙyar. A Horo Birni kuwa labari yana iso ni ta bakin 'yan kasuwa: an share rumbuna, an koma tafasa da gasaya, mata na jiƙa 'ya'yan anza na daji kwana da kwanaki don ɗacinsu ya fita. Baba bai aiko ba, kuma na san ba zai aiko ba. Ya gwammace ya ɗaure ciki da rawaninsa da a ce ya nemi hatsi a gidan suruki.

Tsakaninsa da mijina kunya ce irin ta da. Tun da aka ɗaura mana aure ba su taɓa haɗa ido ba. In Mai Shinge ya hango Baba, tun daga nesa zai tuɓe takalmi ya durƙusa a gefen hanya, Baba kuma ya kau da kai, ya amsa gaisuwa yana kallon wata bishiya. Abin da Baba yake so, ko bai furta ba, babu "a'a" a bakin mijina. Su biyun sun san haka, ni ma na sani.

Ranar da abin ya faru an kwana da hadari, ya sauka tun hantsi, bai ɗauke ba sai gab da azahar. Aka rufe shinge. Ba a jima ba wata babbar mota mai bodin katako ta iso daga cikin kasuwa, shaƙe da buhuna, mutane zaune a kansu. Direba ya sauko ya yi duk abin da direbobi ke yi. Mai Shinge ya je ya danna ƙafa ya dawo turminsa. Ni kuma na ɗauki ƙwarya na fara zagaya mota.

A bayan motar, a ƙarƙashin katakon baya inda ba a hangowa daga shinge, na ga wani dattijo a tsugune. Ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe wani ƙaramin buhu da ita, shi kuwa daga shi sai 'yar shara, yana rawar ɗari. Na miƙa ludayi kafin in gane shi, don ƙasusuwan wuyansa duk sun fito.

Na ce, "Baba? Kai na?"

Ya ce, "Yi a hankali, Kulu. Kak ki ɗaga murya."

"Tun yaushe kaka cikin garin ga ba ka iso gida ba?"

"Kasuwa niz zo, ba gidan suruki ba."

Akuyarsa ta ƙarshe ya jawo tun daga Horo Birni ya sayar, ya auni gero. Na tambayi Inna da ƙannena. Ya ce yau kwana uku ba a ɗora tukunyar tuwo ba, yaran ma sun bar kuka, sai kwanciya. Na dama fura na ba shi. Da fari ya ƙi, daga baya ya karɓa ya sha.

Da ya gama ya ce, "Ki ji ni da kyau. Kak ki hwaɗa mai ina nan. Aikinai shika yi, kuma daidai shika yi. In ya san ina cikin motag ga, kin ɗora mai abin da ba shi iya ɗauka."

Na ce, "To, Baba."

Na miƙe na duba gabas. Wani hadarin ya fara haɗuwa. In ya sauka, motar nan ta kwana, wataƙila ta sake kwana. Na tuna autarmu, wadda na goya da bayana, kwance a kan tabarma ba ta ko kuka. Tun ina yarinya Inna ke cewa bakina ba ya riƙe magana, ana dariya. Na zagaya na je wurin mijina, na sunkuya kamar zan gyara zaman ƙwarya, na ce masa a hankali, "Baba na cikin motag ga. Da hatsi. Kwana uku ba su ci ba."

Ban roƙe shi ba. Shekaru na yi ina gaya wa kaina haka, cewa labari kawai na ba shi. Amma na san mijina, kuma na san abin da nake yi.

Bai kalle ni ba. Ya zare takalmansa a nan inda yake zaune, alhali ko inuwar Baba bai gani ba. Ya tashi ya koma tsakiyar hanya ya danna dudduge. Ƙasa ta karɓa, da idona na gani, har ruwa ya taru a gurbin. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya dawo ya ciro mabuɗi daga aljihu, ya kira direba.

Ya ce, "Ka tahi sannu. In ka kai gangaren kwalbati ka sauke mutane su taka da ƙahwa. Ka ji ni?"

Direba ya ce ya ji, yana ta washe baki. Mai Shinge ya ɗaga sanda, ya juya wa motar baya, kansa a sunkuye. Mutane suka yi ta hawa suna sa masa albarka. Baba ne ya hau a ƙarshe. Da ya zauna a kan buhuna ya jawo nasa buhun jikinsa, ya dubo ni daga sama. Babu faɗa a muryarsa.

Ya ce, "Kulu, ba ki ji magana ba."

Ita ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinsa.

Hadarin ya sauka ba su yi nisa ba. Da la'asar wani leburan hanya ya iso a kan keke, laka har cinya, ya faɗi abin da ya faɗa. Mijina ya karɓi keken ya tafi. Sauran daga baya na ji, kaɗan-kaɗan, don ba mai yawan magana ba ne. Direban bai sauke kowa ba, ya ga ruwa na zuba ya ce a wuce kawai. Ashe ruwa ya cinye gefen kwalbatin ta ƙasa. Mota ta zame, ta kwanta, ta juya, buhuna suka bi mutane. Kuma da yake an rufe hanya ta kowane ɓangare, babu wata mota da za ta zo ta ɗauki kowa. A kan ƙyauren ƙofa da bayan jakuna mutanen ƙauyen kusa suka riƙa kai masu rauni Shagari.

Mijina ya tarar da Baba da sauran numfashi, an jawo shi gefen hanya, ƙirjinsa ya murƙushe. Ya tallafe shi a cinya. Ranar ce kaɗai suka kalli fuskar juna. Na tambaye shi abin da Baba ya ce. Ya ce bai yi maganar shinge ba, cewa ya yi a tattara geron, kada ya lalace. Kafin magariba ya cika. Tare da shi aka rasa wata mata da ɗan da ke bayanta, da wasu da har yau ban san sunayensu ba. Su ma suna cikin abin da nake ɗauke da shi.

Buhun ya fashe, geron ya watse a cikin jar laka. Mijina ya bi shi da hannu, matan ƙauyen suka taya shi, aka wanke abin da ya wanku. Tare da gawar aka kai shi Horo Birni, ni kuma na iso washegari a kan jaki. Da geron nan aka yi tuwon zaman makoki. An rege shi, an sake regewa, amma jar ƙasar ba ta fita duka ba, kowace loma sai ta yi ƙaras a haƙori. Ƙannena suka cinye nasu suka lashe kwano, babu wanda ya tambayi daga ina. Ni na ci loma biyu saboda abin da ke cikina.

Aka yi bincike. Heluma, babban leburorin hanya, ya zo tare da wani ma'aikaci daga Sakkwato, suka tambayi mijina wa ya sa shi ɗaga shinge. Ya ce ba kowa. Suka sake tambaya, ya sake cewa ba kowa. Direban, wanda ya tsira da karaya, ya ce shi dai ya miƙa goro kamar kullum. Baba bai gaya wa ko fasinja ɗaya shi wane ne ba, babu kuma wanda ya ji abin da na raɗa. Mutane suka haɗa abin da suke da shi, suka ce Mai Shinge ya ci hanci. Aka karɓe mabuɗi, aka ce mu bar ɗakin.

Ranar sadakar bakwai ina bayan zana ina wanke kwanoni na ji Baffa Sanda, ƙanen Baba, ya ɗaga murya a ƙofar gida.

Ya ce, "Ɗan saƙon hakimi bai motsa ka ba, direba ya motsa ka. Mi anka ba ka? Hwaɗi mu ji abin da ran ɗan'uwana yak kai."

Mijina yana durƙushe a gaban dattawa, bai ɗago ba. Da jama'a suka watse na same shi a bayan rumbu.

Na ce, "Bari in hwaɗi."

Ya ce, "Hannuna yaɗ ɗaga sanda. Ni nig ga ƙasa ba ta bushe ba. Ki kama bakinki, ki kula da abin da ke cikinki."

Na ji sanyi a raina da ya faɗi haka. A duk abin da na yi, wannan sanyin ne na fi jin kunyarsa.

Inna ta shiga takaba, gonar Baba kuwa ko noman fari ba a ƙarasa ba, ciyawa ta fi gero tsawo. Babu maganar gayya, don gayya sai da tuwo. Baffa Sanda na fama da tasa gonar. Sai mijina ya ari kalme, fartanyarmu ta nan, ya shiga. A zauren masallaci yake kwana. Ba ya cin abincin gidanmu, ko na aika sai ya dawo da shi ya ce a ba yara. Da rana tsaka, in ya bar gonar Baba, ya je ya yi wa wani ƙwadago don abin da zai sa a baki. Kullum da safe kafin ya wuce gona zai zo ƙofar ɗakin Inna, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya ce, "Inna, an kwana lahiya?" Ba ta amsawa. Sai ya jira gwargwadon lokacin da amsa za ta ɗauka, ya tashi ya saɓa kalme.

Sai ruwan da muka yi ta roƙo ya zo da yawa. Kwana da kwanaki ana yi ba a ga rana ba. Jinka ta yi ta yoyo muna tara ƙwarya, katangar baya ta zube, itace ya jiƙe, in an hura wuta hayaƙi ya fi harshe yawa. Da asuba in fita da ƙannena mu ciro tafasa, raɓa har ƙugu, mu dawo in dafa, in matse, in barbaɗa ɗan ƙuli in akwai. In Allah ya kawo dusa, ranar an yi kunu. Yunwar mai ciki daban ce, ba a ciki kaɗai take tsayawa ba, har a gwiwa da idanu ake jin ta. Zazzaɓi ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya. Ni nake kai wa Inna ruwan alwala, ni nake tsefe mata kai in ya dame ta. Wani lokaci ta riƙe hannuna ta ce, "Da ba ke, Kulu, ban san yadda za ni yi ba." Sai in ce mata wuta na jirana.

Daga kan katangar da ta zube ana hango gonar. Nakan tsaya in kalli mijina a sunkuye cikin ruwa, shi kaɗai, kunya bayan kunya. Ya gama noman fari, ya koma ya yi maimai. Ya rame har wandonsa sai da igiya. Mutane na wucewa ta gefen gonar, wasu su kau da kai, wasu su ce sannu can ciki-ciki.

Gero ya yi. Ranar da mijina ya kawo kawunan gero na fari aka gasa wa yara tumu, autarmu ta ci har ta yi amai ta sake ci. Cikin kwanakin nan na haihu, mace, aka yi suna ba kiɗa. Lokacin da aka yi bikin mulkin kai, waɗanda suka je Sakkwato suka dawo da ƙananan tutoci da labarai, mu muna ta jidar dami. Rumbun Baba ya cika fiye da yadda kowa ya zata. Har Baffa Sanda ya fara amsa gaisuwar mijina. Amma maganar hanci tana nan, sai dai a ce Allah ya sa ya tuba.

Da Inna ta fita takaba, aka yi sadaka, mata suka watse, na ga in ban faɗa ranar ba ba zan ƙara samun ƙarfin hali ba. Na shiga ɗakinta da jaririyar a kafaɗa. Tana zaune a bakin gado da sabon zane, ta yi fayau. Na durƙusa.

Na ce, "Inna, akwai maganad da nika son in hwaɗa miki. Ranad da Baba yab biyo Bodinga, ni..."

Ta ɗaga hannu. 

Ta ce, "Kak ki ƙarasa."

"Inna, ba shi..."

"Na ce kak ki ƙarasa. Na san ubanki, ba shi roƙon suruki ko yunwa za ta kashe shi. Na san mijinki, ba shi cin goron kowa. Wata huɗu ina zaune cikin ɗakin ga, ba abin da nika yi sai tunani." Ta miƙo hannu ta karɓi jaririyar, ta gyara mata kwanciya a cinya, ba ta dube ni ba. "Shi ina iya ƙin ganinai in rayu. Ke ba ni iyawa. Tashi ki ɗora ruwan wankan ɗiyag ga."

Na tashi na ɗora ruwa.

Da na fito ɗiban itace na sami mijina a gindin rumbu yana ɗinkin jinka. Ya ga idona, ya ce, "Kin hwaɗi?" Na ce a'a. Ya ce, "Madalla," ya ci gaba da ɗinkinsa.

Inna ta yi shekaru masu yawa bayan nan. Kowace damina yana noma mata gona kafin ya taɓa tamu, kowace safiya yana durƙusawa a ƙofarta, ba ta taɓa amsawa ba. Ni kuma ina shiga in fita, tana sa mini albarka. Bayan ta rasu na ce masa yanzu fa sai in faɗa, ya ce a bar tsohuwa ta kwanta lafiya. Shi ma ya bi ta. A zaman makokinsa ina daga cikin ɗaki na ji wata tsohuwa tana gaya wa ta kusa da ita cewa mutumin kirki ne, in ban da abin da ya karɓa a hannun direba. Ina jin ta sarai, tsakaninmu bai fi taku uku ba. Na ja carbina na yi shiru.